Gandu Biyu: Tarihin Gonakin Inabin Faransa da Gonakin Duwatsun Mubi

A ƙarshen shekarar 1999, kwamitin hukumar UNESCO mai kula da wuraren tarihi na duniya ya yi zamansa a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko. Cikin wuraren da aka shigar a kundin kayan gadon duniya a wannan zama akwai ƙasashen noma guda biyu. Ɗaya ita ce Saint-Émilion, yankin gonakin inabi da ke kusa da Bordeaux a Faransa. Ɗayar kuwa Sukur ce, a Ƙaramar Hukumar Madagali, kan duwatsun Mandara da ke arewa da Mubi, kuma ita ce wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Dalilin karrama su kusan ɗaya ne. Mutane ne suka zauna a kan tudu mai duwatsu, suka sarrafa shi da hannu, ɗa yana karɓa daga uba, har ƙasar ta ɗauki kamannin aikinsu.

Sai dai rabon gonakin biyu ya sha bamban. Iyalin da ke da gandun inabi a kan tudun Faransa yau suna rubuta sunan gidansu da na ƙauyensu a jikin kwalbar giyar inabinsu, a sayar da ita a Landan ko Tokyo da tsada saboda wannan sunan. Iyalin da ke da gonar gado a duwatsun Mubi kuwa, buhun waken da suka noma yakan bar kasuwa ba suna ba alama, a haɗe shi da na kowa.

Hukuncin giya a Musulunci a bayyane yake, an haramta ta a Suratul Ma'ida, babu ja-in-ja a kai. Manyan coci-cocin yankinmu ma ba su yarda da ita ba. Amma inabi ɗan itace ne mai albarka, Alƙur'ani ya ambace shi a wurare da dama cikin ni'imomin Allah, kuma manomin da ya riƙe gonarsa ɗaruruwan shekaru yana da tarihin da ya cancanci a sani. Abin da ya dame ni, wanda ya sa na bi diddigin tarihin nan, shi ne yadda aka yi sunan ƙauye ya zama dukiya a can, a nan kuwa gonakin da kakanni suka gina da dutse suna rushewa.

Tudun Chablis

Misalin da zan bi daga Faransa shi ne Chablis. Cikin fararen giyar inabi na ƙasar, kaɗan ne suka kai na Chablis suna. Chablis ƙaramin gari ne a arewacin yankin Burgundy, a gefen wani ɗan kogi da ake kira Serein, tsakanin Paris da Dijon. Ƙasar wurin farar ƙasa ce mai tsakuwa, cike da ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka daskare tun zamanin da teku ya rufe yankin. Irin inabin da ake shukawa guda ne, Chardonnay. Wuri ne mai sanyi, inabi ba ya nuna da wuri, shi ya sa ruwansa yake fita da ɗan tsami, masu sha kuma wannan tsamin suke nema.

Tushen noman ya koma ga malaman Kirista masu zaman zuhudu. A shekarar 867 Sarki Charles ya ba 'yan zuhudun birnin Tours wurin zama a Chablis, lokacin da suke gudun mahara masu shigowa ta kogin Loire. A 1114 aka kafa gidan zuhudu na Pontigny a kusa, mutanensa suka sami gonakin inabi a Chablis. Waɗannan mutane suna da abu biyu da manomin wancan zamani ba shi da su: sun iya rubutu, kuma gidansu ba ya mutuwa da mutuwar mutum ɗaya. Shekara bayan shekara suna lura da gangaren da rana ta fi dukansa, da kwarin da sanyi yake kwanciya a cikinsa, suna kewaye gona da katangar dutse, suna ba kowace suna. Sunayen gonaki da yawa a Burgundy daga wannan zamani suka samo asali.

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya karɓe filayen coci ya sa su a kasuwa. Attajirai suka sayi manya, manoma suka sami ƙanana. A 1804 kuma dokar Napoleon ta wajabta raba gado tsakanin 'ya'ya. Daga nan gonaki suka yi ta tsagewa. Wata shahararriyar gona mai suna Clos de Vougeot, wadda girmanta wajen hekta 50 ne, kuma da can ta gidan zuhudu ɗaya ce, yau tana hannun masu mallaka kusan 80. Wani layuka kaɗan na inabi ne rabonsa. Wannan matsala ce da duk Bahaushen da ya ga yadda gandu yake watsewa bayan rasuwar maigida ya san ta.

Duwatsun Mandara

Kamar yadda aka kewaye gonakin Burgundy da katanga, mutanen duwatsun Mandara ma sun yi nasu ginin. Gude da Fali da Nzanyi da ke kewayen Mubi, da Kamwe na Michika, da Marghi da mutanen Sukur can arewa, duk sun san aikin jera dutse a gangaren tsauni, a cika bayansa da ƙasa, a mayar da gangare matakala-matakala. Jerin dutsen yana tare ruwan sama kada ya kwashe ƙasa. Ana ɗaure dabbobi a gida, a kwashi takinsu a kai gona. Ana haɗa dawa da wake a wuri guda. Ta haka tsaunukan da baƙo zai ɗauka ba sa nomuwa suka ciyar da jama'a masu yawa. Sukur ta ƙara da ƙira. A da maƙeranta suna narka tama su fitar da ƙarfe, ana kai shi kasuwannin nesa, sarkinta da ake kira Hidi yana zaune a fadar dutse, an kuma shimfiɗe hanyoyin hawa da faffaɗan duwatsu.

Abin shan waɗannan al'ummu a gargajiyance burukutu ne. Mata ne masu aikinsa. A jiƙa dawa, a bar ta ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a ajiye ta tashi. Da ita ake sallamar masu gayya, da ita ake bukin girbi da makokin tsofaffi da sauran al'adu. A hayin Kamaru bilbil ake ce mata. Akwai wani bambanci tsakaninta da giyar inabi wanda ya yi tasiri a tarihin kuɗi. Burukutu ba ta jure ajiya, kwana ɗaya ko biyu ta lalace, saboda haka a inda aka dafa ta ake shanye ta, kuma daga rumbun abincin gida take cin hatsi. Giyar inabi kuwa tana shekara a ganga, tana tafiya. Ta Chablis a da ana lodinta a kwale-kwale a kogin Yonne a kai ta Paris. Abin da ke jure tafiya shi ke samun dillali, shi hukuma ke yi wa haraji, shi kuma take tsarewa da doka.

Babban abin da ya raba tarihin biyu shi ne tsaro. Fulani makiyaya sun zauna a Mubi tun wajajen ƙarshen ƙarni na 18, lokacin yankin yana ƙarƙashin inuwar Sarkin Mandara. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙasar Mubi ta shiga daular Fombina, wadda daga baya ta ɗauki sunansa, Adamawa. Jihadi ya kawo ilimi da shari'a da kasuwanci a garuruwan fili. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi ta Mubi a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Yola. Amma gaskiyar tarihi ita ce mutanen kan dutse sun sha hare-haren kamun bayi, daga Mandara da Barno da kuma sarakunan fili, kafin jihadi da bayansa. Hamman Yaji, wanda ya riƙe Madagali daga 1902 zuwa 1927, ya bar littafin da ake rubuta masa al'amuran yau da kullum, a ciki har da lissafin hare-haren da mutanensa suka kai kan duwatsu. Manomin da ba shi da tabbacin kwana a gidansa ba ya shuka itacen da sai bayan shekara uku ko huɗu zai fara ba da 'ya'ya. Abin da zai girbe cikin damina ɗaya ya ɓoye a kogo shi yake shukawa.

Ƙwaron da ya cinye Faransa

Manoman Faransa ma sun ga tasu masifar. A 1863 inabi ya fara bushewa a kudancin ƙasar ba a san dalili ba. A 1868 wani masanin tsirrai na Montpellier, Jules-Émile Planchon, ya tono saiwa ya ga wani ƙanƙanin ƙwaro yana tsotsar ta. Phylloxera ake kiransa, daga Amurka ya shigo a jikin dashe. A 1875 Faransa ta samar da giyar inabi sama da lita biliyan 8. A 1889 abin da ta samu bai kai lita biliyan 2 da rabi ba. An gwada guba, an gwada cika gona da ruwa, ba a dace ba.

Maganin da ya yi aiki shi ne aure, irin wanda manomanmu ke yi wa mangwaro. Inabin Amurka ya saba da ƙwaron, saiwarsa ba ta mutuwa, sai a ɗauko reshen inabin Faransa a aura a kan gindin na Amurka. Kusan duk gonakin ƙasar sai da aka tumɓuke aka sake dasawa. A Sancerre, can gefen kogin Loire, inda da jan inabi ya fi yawa, manoma suka koma ga farin iri mai suna Sauvignon, wanda yau da shi aka san garin.

Chablis ta sha duka ta fuskoki da dama. Tun kafin ƙwaron ya iso, layin dogo da ya haɗa Paris da Marseille ya fara kawo giyar kudu mai araha, kasuwar da Chablis ta dogara da ita ta kuɓuce. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe samarin ƙauyuka. Ga kuma sanyin farkon kakar tsiro, wanda kan daskarar da toho cikin dare ɗaya, kamar yadda ya faru a 1957. A wajajen shekarun 1950 gonakin Chablis sun ragu zuwa hekta kusan 500. Iyalan da suka rage sun riƙa kwana a gona suna kunna wuta a tsakanin layuka don kare toho, kuma har a watan Afrilun 2021 sun yi hakan. Yau gonakin sun haura hekta 5,000.

Ƙarancin da ƙwaron ya jawo ya buɗe ƙofa biyu. Ta farko Aljeriya. Turawan da suka mamaye ƙasar suka cika filayen da aka ƙwace wa Musulmi da inabi, har gonakin suka kai hekta kusan 400,000 a shekarun 1930, Aljeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da giyar inabi a duniya. Musulmin da aka raba da gonar alkamarsa ya koma ɗan ƙwadago yana noma abin da addininsa ya hana shi sha. Bayan 'yancin kai na 1962, da Faransa ta rage saye, gwamnatin Houari Boumédiène ta sa aka tumɓuke gonaki masu yawa. Ƙofa ta biyu ita ce algus. Dillalai suna haɗa ruwa da sukari da giyar wani wuri su liƙa mata sunan shahararren ƙauye. Farashi ya faɗi warwas, har a 1907 manoman kudu suka yi bore, dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Montpellier a watan Yuni.

Daga wannan wahala dokar suna ta fito. Wasu iyalan Burgundy, irin su gidan d'Angerville da gidan Gouges, suka daina sayar wa dillalai ganga, suka fara ɗura kayansu a kwalba da sunan gidansu. A ranar 30 ga Yulin 1935 gwamnati ta kafa tsarin da ya ce ba mai amfani da sunan wuri sai wanda ya noma a cikin iyakar wurin, da irin da aka amince, bisa ƙa'idar da manoman da kansu suka sa hannu wajen tsarawa. Sancerre ta sami nata a 1936, Chablis a 1938. Tun daga lokacin sunan ƙauye ya zama mallakar mutanen ƙauyen gaba ɗaya, ba ya sayuwa, ba a ɗauke shi a kai wani wuri.

Iyaka da dokar barasa

Lokacin da Faransa ke fama da ƙwaro, Turai tana rabon Afirka, kuma barasa na cikin manyan hajojin cinikin. Jiragen Hamburg da Rotterdam suna sauke kwalaben barasa mai arha a gaɓar tekun Yammacin Afirka, harajinta kuma yana riƙe da baitulmalin gwamnatocin mulkin mallaka na kudu. A taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan da ba su saba da ita ba, ko don addini ko don wani dalili. Da Baturen Ingila Lugard ya kafa mulki a Arewa a 1900, ya sa ƙasar cikin yankin hani. Bature yana iya shigo da abin shansa da izini, amma sayar wa ɗan ƙasa laifi ne.

Mubi ba ta cikin Arewar Lugard a lokacin. Ingilishi sun ci Yola a 1901, Lamido Zubairu ya fita yana yaƙi har aka kashe shi a 1903, amma mafi yawan ƙasar Adamawa ta faɗa rabon Jamus. A 1903 Jamusawa suka kama Mubi suka mai da ita sansanin bakin iyaka na Kamaru. A 1914, da Yaƙin Duniya ya ɓarke, sojojin Ingila suka karɓe garin. Garwa ta faɗi a 1915, Jamusawan da suka maƙale a kan dutsen Mora suka miƙa wuya a Fabrairun 1916. A 1919 Ingila da Faransa suka ja layin raba Kamaru, layin ya bi ta kan duwatsun Mandara, ya raba Gude da Gude, Fali da Fali, wani gona a nan rumbu a can. A 1922 tsohuwar Majalisar Ƙasashen Duniya da ke Geneva ta damƙa wa Ingila riƙon ɓangaren da Mubi take, kuma cikin sharuɗɗan riƙon akwai sa ido sosai kan cinikin makamai da na barasa. Lugard kansa ya yi shekaru fiye da goma a kwamitin da ke duba rahotannin waɗannan ƙasashe.

Yarjejeniyoyin nan barasar da ake tacewa da wuta suka fi nufa. Giyar inabi ba ta shiga sahun ba, domin Faransawa a wancan zamani suna lissafa ta cikin abin sha mai gina jiki, har sojansu a fagen yaƙi ana ba shi rabonsa kullum. Don haka iyakar da ke gabas da Mubi ta zama iyakar dokoki biyu. A hayin Faransa giyar inabi, mafi yawanta mai arha, ta bi jirgin ruwa zuwa Duwala, ta hau zuwa garuruwan da ma'aikata da sojoji suke. A 1948 aka kafa kamfanin Brasseries du Cameroun a Duwala. A 1949 kuma wasu 'yan'uwa tara, maza da mata, suka kafa kamfanin cinikin giyar inabi na Castel a Bordeaux, suka mai da hankali kan kasuwar Afirka. A 1990 gidan Castel ya sayi rukunin kamfanonin da ke da Brasseries du Cameroun, wanda ke da masana'anta a Garwa. Ta wannan hanya dukiyar da wani iyali ya fara tarawa da inabin Faransa ta iso har bakin kogin Binuwai, tafiyar yini ɗaya daga Mubi.

A ɓangarenmu abubuwa uku suka taru suka rage ƙarfin giya. Musulunci ya ci gaba da bazuwa daga gari zuwa ƙauye. Mishan ta 'Yan'uwa, wadda Stover Kulp da Albert Helser suka fara a Garkida a 1923, ta zo da koyarwar ƙin giya, kuma daga cikinta aka sami Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda hedikwatarta ke Kwarhi kusa da Mubi. Sai kuma doka. A ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamban 1959 mutanen Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila, inda Mubi take, suka zaɓi a ɗage hukunci kan makomar yankin. A ta Fabrairun 1961 mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yunin 1961 yankin ya shigo Nijeriya da sunan Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata, ya kuma shiga ƙarƙashin kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa, wanda ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya. Daga nan Mubi ta bi Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991. Adamawa ba ta cikin jihohi 12 da suka faɗaɗa shari'ar Musulunci daga 1999, don haka har yau abin da ya fi tsare mutane daga giya a Mubi shi ne imani da tarbiyyar gida.

Faransa kanta ta gane illar abin da take alfahari da shi. A 1956 ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giyar inabi a ɗakunan cin abincin makarantu, abin da ke nuna cewa kafin nan ana ba su. A 1991 ta taƙaita tallar giya da doka. Abin da Bafaranshe ke sha a shekara ya sauko daga sama da lita 100 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da rabin haka, har a 'yan shekarun nan gwamnati na biyan manoman Bordeaux su tumɓuke inabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Wanda ya ƙi ta saboda Allah bai yi asarar komai ba.

Abin da ya sami gonakin dutse

Da aka daina kamun bayi, dalilin zama a kan dutse ya ragu. Turawa da hukumomin gargajiya sun ƙarfafa wa mutane su sauko fili, inda karɓar haraji ya fi sauƙi, inda kuma makaranta da asibiti da kasuwa suke. Gyaɗa da auduga suka zama abin neman kuɗi, garmar shanu ta fi dacewa da fili. Mubi ta bunƙasa, kasuwar shanunta ta yi suna a ƙasa baki ɗaya, 'yan kasuwa suna shige da fice ta Sahuda da naira da sefa. An buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1979, Jami'ar Jihar Adamawa a 2002. Duk wannan ci gaba ne, ba mai musun sa. Amma gonar matakala tana bukatar hannu kowace shekara. Dutse ɗaya ya zame ba a mayar ba, ruwan damina mai zuwa ya buɗe gurbin, bayan 'yan shekaru ƙasar da aka tara tun kaka da kakanni ta gangara kwari.

Sannan bala'in 2014 ya zo. Ranar 29 ga Oktoba 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, suka kai hari Kwarhi a wannan rana, jama'a Musulmi da Kirista suka watse, wasu ta kan duwatsu zuwa Kamaru, wasu zuwa Yola. An ƙwato garin a watan Nuwamba, amma Michika da Madagali sun daɗe cikin wahala, Sukur ma ba ta tsira daga ƙone-ƙone ba. Amfanin gona ya lalace a tsaye, an kwashe dabbobi, an ƙone rumbuna, kuma tare da rumbunan aka yi asarar irin dawa da na wake na gida waɗanda uwaye mata suka daɗe suna zaɓa suna ajiyewa. Mutanen Mubi sun dawo sun sake gina kasuwarsu da ƙarfin hali, wannan abin a yaba ne a kuma rubuta.

Darasin da ke cikin tarihin

In aka dubi tarihin Chablis da kyau, za a ga ƙasarsu ba ta fi tamu albarka ba. Tsakuwa ce da sanyi. Abin da suka samu shi ne abubuwa huɗu da suka taru a hankali. Sun rubuta iliminsu na gona, sun san halin kowane gangare. Sun nemo hanyar da rabon gado ba zai kashe gandu ba, magada su riƙe kasonsu a takarda, ɗaya ko biyu su yi noman, a raba riba. Sun haɗa kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, har suka sa hukuma ta tsare musu suna. Sun kuma sami zaman lafiyar da ke ba mutum ƙarfin shuka abin da jikansa zai ci.

Ba ɗaya daga cikin huɗun nan da ya dogara da giya, kuma maƙwabtanmu sun riga sun gwada. A 2013 barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru suka sami rajistar sunan wuri. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi irin wannan rajista. A gida kuma, manoman Kudan kusa da Zariya sun nuna cewa inabin ci yana yi a ƙasar Arewa, ana sayar da shi ɗanye a kasuwanninmu, halal tsantsa. A Nijeriya an daɗe ana maganar kafa dokar kare sunayen kayan gona, ya kamata wakilanmu su matsa a kammala ta.

Kafin doka ta iso akwai aikin da ke hannunmu. Jami'a da kwalejin da ke Mubi suna da ɗaliban aikin gona da za su iya hawa duwatsu su zauna da dattawa, maza da mata, su rubuta sunayen irin dawa da wake da gyaɗa na gida, da yadda ake jera dutse, tun masu sanin suna raye. Malamanmu na fiƙihu suna iya bayyana wa jama'a cewa shari'a ta ba kowane magaji haƙƙinsa, kuma ba ta hana magada su yi tarayya a gona ɗaya da yardarsu ba. Ƙungiyoyin manoma suna iya fara tantance kayansu, su sa suna a buhu, su hukunta duk wanda ya zuba tsakuwa ko ya yi algus, domin suna ba ya zama dukiya sai mai saye ya gwada ya ga gaskiya sau da yawa. Gwamnati kuma babban abin da manomin Mubi da Michika da Madagali ke nema a wurinta shi ne tsaro da hanya. Iyalan Chablis sun yi sama da shekara 70 tsakanin shigowar ƙwaro Faransa da samun dokar da ta tsare sunansu, ba su saki gonakin ba. Mu ma aikin zai ɗauki lokaci, shi ya sa ya kamata a fara shi da wannan daminar.